Gadon da Aka Kai Maraɗi

Maraɗi, ranar Talata

Zuwa ga Yaya Tsahara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya damina, ya mutanen Jibiya? Mu nan sai godiya. Na ba Maɗugu direba takardar nan hannu da hannu don maganar ba ta waya ba ce. Na san wayarki, da ta yi ƙara duk matan gidan sai su matso.

Yaya, gadon Na'ima ya karye. To, na faɗi sunan, ki toshe kunne in kin ga dama. Ke ce kunyar ɗiyar fari ta hana ki kiran sunanta, ni ƙanwar uwa ce, bakina a sake yake.

Shekaranjiya dangin mijinta Lawwali suka zo daga ƙauye dubiya, don sun ji tana laulayin ciki. Ɗaki ya cika, kujeru ba su isa ba. Gwaggonsa Hauwa'u, kin san ta, Allah ya hore mata jiki, sai ta nufi gado. Ina kallo yarinyar nan ta zabura za ta tare ta, ba ta kai ba. Muka ji ƙas, katifa ta nutse, Gwaggo ta tafi ciki ƙafafu sama. Ba ta ji ciwo ba, amma tun ana ɗago ta take cewa dama kayan Najeriya sai kyan ido, an yi wa ɗansu jere da kwali. Wallahi raina ya ɓaci, don na san hayaƙin da kika sha wajen tuyar ƙuli-ƙuli, ba miji ba mataimaki, kafin ki haɗa kayan ɗakin nan.

Na'ima ta riƙe mini zane tana kuka, wai kada in gaya miki. Ban saurare ta ba. Na tuna ranar da muka zo kwasar kaya kin nuna mini takardar garanti da mai shago ya ba ki. Ki lalubo ta, a sake gadon nan kafin maganar ta zaga dangi.

Ki gaida su Malama Asma'u maƙwabciyarki. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
Hassana


Jibiya, ranar Alhamis

Zuwa ga Alhaji Zunnuraini, mai shagon kayan ɗaki, Katsina,

Assalamu alaikum, Alhaji. Ina gaisuwa, da fatan kasuwa na albarka. Ni ce Tsahara mai ƙuli-ƙuli ta Jibiya, wadda ta sayi gado mai madubi a kai a wurinka daminar bara, har ka yi mini ba'a ka ce na fi kwastan bincike.

Alhaji, gadon nan ya karye a ɗakin yarinyar, a gaban surukanta. Na ɗauko takardarka, na ga shekarar da ka rubuta ta cika da 'yan makonni kaɗan. Kafin ka ce mini komai, bari in riga ka. Ina sayen gadon nan aka rufe boda. Ango na Maraɗi, amarya na Jibiya, biki ya tsaya. Gado ya kwana cikin ledarsa a ɗakina har damina ta wuce, sanyi ya wuce, ko ɗan yatsa ba a ɗora masa ba. Sai bayan ƙaramar Salla, da aka buɗe boda, aka yi biki aka kai shi. Ka ga ke nan garantinka ya ƙare ne a jingine da bangona, ba a ƙarƙashin mutum ba.

Kuma gado ba tumatir ba ne da za a ce ya kwana biyu ya lalace. Wanda uwata ta yi mini jere da shi har yau a kansa nake kwana. Maƙwabciyata Malama Asma'u, mai koyarwa a firamare, ta ce doka ba ta tsaya ga takardar shago ba. Kayan da aka sayar dole su yi ƙarkon da hankali zai ɗauka, kuma akwai hukumar da ke kare haƙƙin masu saye. Ban taɓa kai kowa ƙara ba, amma a kan ɗakin 'yar nan zan iya.

Ba rigima nake nema ba, sabon gado nake nema. An ci mini mutunci a ƙasar mutane, abin ya tsaya mini a rai.

Na bar ka lafiya.
Tsahara Jibiya


Katsina, ranar Litinin

Zuwa ga Hajiya Tsahara,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso, na karanta, na kuma tuna ki sarai. Ina jajanta miki abin da ya faru, Allah ya kiyaye gaba.

Hajiya, ƙa'idarmu ita ce garanti yana fara aiki daga ranar saye, ba ranar jere ba. Na yarda rufe boda ba laifinki ba ne, amma ba nawa ba ne kuma.

Sai dai ba zan ɓoye miki ba. Irin wannan gadon, waɗanda aka kawo mana a wancan zubin, katakon tsakiyarsu bai gama bushewa ba aka haɗa. Mutum biyu sun kawo mini kuka, ɗaya daga Magama, ɗaya daga Daddara, duk a makonnin farko da fara kwana a kai. Ban ja da su ba, na mayar wa masu ƙerawa, aka ba su sabbi. Har na sa aka aika wa waɗanda na san gidajensu cewa wanda ya ji motsi a gadonsa ya yi magana. Ke da aka tambaya a kasuwar Jibiya bayan babbar Salla, aka ce kin ce kin gani da idonki, gado lafiya lau. Yanzu shekara ta cika, masu ƙerawa sun rufe karɓa.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, irin wannan aibin ba ya jiran wata da watanni. Ina roƙon a ɗaga katifa a duba, a gaya mini gaskiyar abin da aka gani. In kin zaɓi zuwa hukuma, haƙƙinki ne, zan je in amsa. In kin yarda da gyara, zan tura kafintana har Maraɗi ya sa sabon katako, ba sai kin biya ba.

Allah ya sa mu gama lafiya.
Alhaji Zunnuraini


Jibiya, ranar Laraba

Hassana,

Ina gaisuwa, ya yara? Ga takardar mai shago nan na haɗa miki, ki karanta ki ji wayon 'yan birni. Wai gyara. In bar wa yarinyar gado mai faci, Hauwa'u ta samu na faɗa har jikokinta?

Gaskiya ne an tambaye ni a kasuwa, kuma na ce lafiya lau, don na gani. Ba ke kika ja ni gidan ba da na zo ta'aziyya Maraɗi da babbar Salla? Na tsaya daga bakin ƙofa, na ga gado a shimfiɗe tsaf kamar ranar jere, na sha ruwa na fito. Me zan ce, in yi ƙarya?

Ki je ki ɗaga katifar, ki duba da kyau, ki rubuto mini. Da amsarki zan tafi Katsina, ni da Malama Asma'u. Ki ce wa ɗiyar taki ta rage kuka, ba kyau ga mai ciki.

Yayarki,
Tsahara


Maraɗi, ranar Asabar

Yaya,

Ina gaisuwa. Ki zauna kafin ki karanta wannan, yau ba ba'a a bakina.

Na je, na ɗaga katifa. Akwai tubalin siminti biyu a ƙarƙashi, da gwangwanin madara, an tokare katakon tsakiya da su. Bakin karayar ya yi baƙi, ya daɗe. A bayan gadon kuma, tsakaninsa da bango, na tarar da tabarma a naɗe da matashin kai.

Na rufe ƙofa na ce ta gaya mini gaskiya. Ta ce tun satin farko na aure ya tsage. Tun daga ranar a ƙasa suke kwana, ita da Lawwali. Da asuba ta naɗe tabarma, ta gyara gado, ta fesa turare, don mai shigowa ya ga kayan da uwarta ta yi mata. Lawwali ya ce a faɗa miki, ta ƙi. Ya ce to bari ya sayo wani, ta ce in ya shigo da gadon da ba naki ba, ya nuna wa duniya kin gaza. Yaron kirki, ya bi ta suka yi ta kwanan siminti, ga ciki, ga sanyin damina. Ciwon bayan da muke cewa laulayi ne, Yaya, ba laulayi kaɗai ba ne.

Na ce me ya hana ki gaya mata ranar da ta zo? Ta ce, "Inna Hassana, ta yaya? Tunda na yi wayo ban taɓa zama na ce mata ga damuwata ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba. Ranar na ga ta kalli gadon ta yi murmushi. Ban taɓa ganin ta yi murmushi a kan wani abu nawa a gabana ba. Sai na kasa."

Haka aka tarbiyyantar da mu, haka Innarmu ta yi da ke, ba wanda ya yi don mugunta. Amma ranar nan garantin bai ƙare ba. Da kin tako ciki kin zauna a bakin gadon, ko kuma da ita ta buɗe baki ta yi magana ɗaya, da yanzu sabo ne a ɗakin, Hauwa'u ba ta samu abin faɗa ba. Ni ma da nake shiga kullum ban taɓa lura ba cewa ba ta barin kowa ya zauna a kai. Abin ya dame ni ƙwarai.

In za ki hukuma, wannan zai ƙarfafa maganarki, tunda aibin tun farko ne. Sai dai dole a faɗi a gaban mutane inda take kwana. Shawara tana gare ki.

Allah ya ba mu haƙuri.
Hassana


Jibiya, ranar Litinin

Na'ima,

Ni ce. Na daɗe riƙe da biro kafin in rubuta wancan layin na sama. Ina gaishe ki, ina gaida Lawwali, ki ce masa na gode.

Ba zan je Katsina ba. Malama Asma'u ta ce gaskiya tana gare mu, na ce na sani, amma ba zan baje tabarmarki a gaban baƙi don in ci shari'a ba. Na aika wa Alhaji ya turo kafinta. Gado mai faci ne, Hauwa'u ta faɗi abin da ta ga dama.

Na yi baƙin ciki da ban shigo ɗakinki ba ranar nan. Daga yau ko cokali ne ya karye, ni za ki fara gaya wa.

Kada ki jira watan haihuwa. Na roƙi Lawwali ya bar ki ki biyo Maɗugu ran Juma'a ki huta a gida. A gadona za ki kwana, ni zan ɗauki tabarma.

Mahaifiyarki,
Tsahara