Amsar Kawu Sale

Daren Laraba, Hunkuyi

Barci ya ƙi zuwa. Yau ni da kaina na buɗe R, manhajar lissafi, a baƙin allon nan na kwamfuta. Harafi ɗaya na buga, na danna, ta buɗe tana jiran umarnina. Har murmushi na yi ni kaɗai. Na loda bayanan da na tattaro daga manoman Nasarawan Doya, na nemi matsakaicin buhunan masarar da suka samu bana. Sai ta ce NA, wato babu amsa. Na sake, na kuma sakewa, har kaina ya ɗau zafi.

Da na bi layi-layi na gano matsalar. A gaban sunan Kawu Sale, maimakon lamba, "Alhamdulillahi" na rubuta. Abin da ya ce min ke nan: "Haba ɗana, ana ƙirga kyautar Allah a gaban mutane?" Kunya ta hana ni matsa masa.

Malamina yana jiran sakamako jibi. In na goge layin, na goge mutumin da masararsa ta kai ni jami'a. In na ƙago lamba, na yi ƙarya. Dole gobe in koma. Amma da wane baki zan durƙusa in ce masa kwamfuta ta ƙi karɓar godiyarsa?