Rasuwar Dada Salamatu da Batun Mai Gatari a Bayan Sahu

Cikin alhinin da har yanzu bai sake mu ba, tare da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar 'Yan Matan Fareti ta unguwar Roumdé Adjia da ke Garoua tana sanar da iyayenmu, malamanmu da sauran jama'a cewa ta samu labarin rasuwar uwarta kuma telarta, Hajiya Salamatu Wada, wadda manya da yara suka fi sani da Dada Salamatu. Allah Ya karɓi ranta da hantsin ranar Alhamis, 30 ga Janairu, 2025, bayan gajeriyar jinya, tana da shekara sittin da takwas. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

A madadin mai kula da ƙungiya, Madam Berthe, da shugabarmu mai riƙe sanda a gaban sahu, Christelle, da dukan 'yan ƙungiya mu ashirin da huɗu, muna miƙa ta'aziyyarmu ga babban ɗan marigayiya, Alaramma Malam Abdulhalim Wada, da 'yarta Hajiya Raudatu wadda ta taso tun daga Kaélé, da jikokinta, da maƙwabtanta waɗanda suka yi shekaru suna haƙuri da ƙarar takunmu a ƙofar gidanta kowace la'asar.

Shekara goma sha tara ke nan Dada tana ɗinka mana kayan da muke fita da su defile, wato faretin ranar matasa, 11 ga Fabrairu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi ran nan ya san mu: jajayen riguna masu maɓallan ruwan zinariya, fararen wanduna, huluna masu ƙyalli da farin tuntu yana lilo a bisa kai. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne inda wannan shiga ta samo asali. Daga murfin wani gwangwanin biskit ne, wanda mijinta marigayi Alhaji Wada direba ya sayo mata a kasuwar Mora tun suna amarya da ango. A jikin murfin akwai hoton dakarun doki masu gadin fadar Ingila, a jere kan baƙaƙen dawaki, kowa da takobinsa a tsaye. Biskit ya ƙare tun kafin a haifi iyayen wasunmu, gwangwanin ya koma ma'ajiyar zare da allura, amma Dada ba ta daina kallon murfin ba. Ba ta taɓa zuwa ko Yaoundé ba, balle Ingila, amma da ido kawai ta ƙirga maɓallan rigar, ta gane yadda aka yanka wuyanta, ta fitar da irinta a kan kekenta.

Hulunan da kwali take yin su, ta lulluɓe da takarda mai ƙyalli. Tuntun kuwa gashin jelar shanu ne, wanda Malam Sulaimanu mahauci yake tara mata a kwata tun daga watan Nuwamba, ita kuma ta wanke da sabulu har sau bakwai, ta shanya, ta taje kamar kan amarya. Kuma ba za mu manta ba cewa ba don ita ba, da yawancinmu ba mu taɓa taka titi a sahu ba. Ita ce ta bi gidajenmu ɗaya bayan ɗaya da rigar a hannu, tana nuna wa iyayenmu maza cewa ta sauko har gwiwa, wando ya rufe idon sawu, hular kuma tana zama daram a kan hijabi. Ni mai wannan rubutu, ga abin da ta faɗa wa mahaifina a zaure, ina laɓe ina ji: "Alhaji, dubi hoton nan da kyau. Waɗannan ƙattin ma ba abin da ake gani a jikinsu sai hanci. To ina abin faɗa?"

Akwai wani abu guda a jikin murfin da ya hana Dada sakat duk tsawon shekarun nan. A can ƙarshen jerin akwai mahayi ɗaya da ya bambanta da sauran: rigarsa mai duhu ce, tuntunsa baƙi, kuma gatari ne a hannunsa maimakon takobi. Wane ne shi? Me ya sa aka bar shi a baya? Ta tambayi malaman lise, wato sakandare, ta tambayi wani tsohon jandarma, ta tambayi duk baƙon da ta ji an ce ya taɓa hawa jirgi. Christelle ta ce hauni ne mai sare kan masu laifi. Malam Sulaimanu ya ce ko shakka babu ɗan'uwansa ne mahauci, don runduna ba ta tafiya sai da nama. Dada kanta ta fi karkata ga cewa laifi ya yi aka hore shi, sai dai takan ƙara da cewa, "Amma ku dubi zamansa a kan dokin nan, wannan bai yi kama da mai jin kunya ba." Ni kuwa, saboda littattafan da nake karantawa, na daɗe ina ganin masoyiyarsa ce ta rasu ya sa baƙi, amma ban taɓa faɗa a fili ba.

Duk da ba ta san amsar ba, Dada ta ce tun da yana cikin hoton dole ya kasance cikin sahunmu. Ta ɗinka baƙar riga guda ɗaya, ta sa aka sassaƙa gatarin katako. Ba wadda ke son ta, domin mai baƙar riga ba ta fitowa a hoto, kafin ta iso gaban manyan baƙi an gama tafi. Shekara uku ke nan ni nake sa ta, don ni dai bayan ya fi mini sauƙi. Daga can ne na ga abin da na gaba ba sa gani: Dada a bayana, cikin mayafinta, da jarkar ruwa a hannu ɗaya da gwangwanin nan a hammata. Wadda maɓallinta ya tsinke, ita ce mai ɗinkewa. Wadda takalmi ya ci wa dunduniya, ita ce mai ɗaurewa. Wadda rana ta kayar, ita ke janye ta inuwa tana yi mata fifita da murfin biskit, tana cewa, "Tashi, 'yar nema, wa ya ce ki fito ba ki karya ba?"

Ƙungiya ta ba ni izinin faɗar wani abu da ya shafe ni, domin shi ma haƙƙin marigayiya ne. Ranar Talatar da ta wuce na ari wayar yayata na yi ta bincike har na gano mutumin. Ba hauni ba ne, ba mahauci ba ne, ba kuma horo ake yi masa ba. Maƙerin rundunar ne, mai yi wa dawaki takalmi da kula da kofatonsu. Gatarin kuma, a zamanin da ake yaƙi a kan doki, na hutar da dokin da ya ji raunin da ba ya warkewa ne, don kada a bar shi yana shan wahala. Na je gidan Dada ranar Laraba da amsar a bakina, na tarar ɗakin cike da 'yan dubiya, na gaishe ta, nauyin baki ya kama ni, na ce a raina sai Juma'a idan mutane sun ragu. Ba ta kai Juma'ar ba. Allah Ya yafe mini.

Jama'a da dama sun yi ta tambaya ko ƙungiya za ta fita bana, ganin saura kwana takwas, kayanmu kuma duka suna cikin ɗakin marigayiya, wanda aka rufe kamar yadda aka saba har sai an yi rabon gado. Bayan addu'ar uku, Madam Berthe ta kai mu gaban Alaramma Malam Abdulhalim, kuma da yake ni ce mai rubutun ƙungiya, ni aka tura gaba. Ban san yadda aka yi maganar ta fito ba, amma ta fito, har da labarin mai gatari. Alaramma ya ce, "Ashe tambayar da Dada ta dame mu da ita tun muna yara tana da amsa." Ya yanke cewa jajayen riguna ashirin da uku amana ce a hannun mahaifiyarsa, tun da iyayen yara ne suka kawo yadin, don haka ya buɗe ɗaki ya miƙo mana su da hulunansu. Baƙar rigar kuwa daga yadin Dada aka yanka ta, ta shiga gado, ba za ta fito ba sai an raba. Ƙungiya ta karɓi wannan hukunci hannu biyu, kuma tana gode masa da ya yi mana adalci alhali yana cikin zafin rashi.

Saboda haka muna sanar da cewa, in Allah Ya yarda, za mu fita ranar Talata, 11 ga Fabrairu. Masu kallo za su ga jajayen riguna ashirin da uku, ba za su ga baƙa ba. Ta ashirin da huɗu za ta biyo baya cikin kayan gida, da jarkar ruwa da zare da allura. Muna roƙon iyaye su tabbatar kowace yarinya ta karya kafin ta fito.

Muna addu'ar Allah Ya jiƙan Hajiya Salamatu Wada, Ya gafarta mata kurakuranta, Ya yalwata makwancinta, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarta. Allah Ya ba Alaramma Malam Abdulhalim, Hajiya Raudatu, jikoki da dukan dangi haƙuri da juriyar wannan babban rashi, Ya rufa musu asiri kamar yadda ta suturta 'ya'yan mutane shekara goma sha tara. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.

Sa hannu:
Haula Muhaimin
Sakatariyar Yaɗa Labarai
Ƙungiyar 'Yan Matan Fareti ta Roumdé Adjia, Garoua
Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025