Mijin Mai Ɓeraye

Litinin, 4 ga Maris

Jarida ta buga hoton Hye-ran. Wai binciken Dokta Pyo Hye-ran ya nuna sinadarin da muke wankin kwat da shi yana cin jijiya. Shekara ashirin tana shaƙa wa ɓeraye shi, yanzu hukumar birni na son hana shi. Hoton bai yi kyau ba, ta fi haka.

Da yamma taron ƙungiyarmu ta masu wanki da guga. Shugaba Ok ya maka jaridar a tebur: "Wannan matar ta taɓa goge ko hankici? Allah ya ji ƙan mijinta!" Aka yi dariya. Ni ma na yi. Me zan ce? Sunan ubanta take amsawa kamar kowace mace, ba nawa ba, jami'arta na wani gari, sai Asabar take dawowa Daegu. Tun da na taɓa ce musu matata tana aiki da ɓeraye suka ɗauka maganin ɓera take sayarwa. Ban gyara ba.

Alhamis, 7 ga Maris

Sun zaɓe ni in yi magana da yawun ƙungiya gaban kwamitin hukumar birni. "Maeng ya fi kowa daɗewa a sana'ar, ku dube shi, ga ƙarfi kamar doki." Na ce ina mura. Ba wanda ya ji.

Asabar, 9 ga Maris

Ta dawo. Ina zuba mata shayi tana kallon butar, ba ni ba.

"Baban Sora, miƙo hannunka." Ta ɗora takarda a bayan hannun, takardar ta hau rawa. Na ce iskar taga ce. Ta tashi ta rufe tagar.

Ta ce tun 'yarmu Sora na goye take roƙona in canza injin wanki. Na ce ai da kuɗin injin nan ita kanta ta yi digiri. Muka ci shinkafa da kimchi ba mai kallon wani.

Laraba, 13 ga Maris

Matar Shugaba Ok ta aiko a tambaya ko uwargida na da maganin da ɓera zai ci ya je waje ya mutu. Na sayo a kasuwa na ba ɗan aiken.

Lahadi, 17 ga Maris

Ta kama ni ina gwada jawabina gaban madubi. Na zaci za a yi tashin hankali. Sai ta ɗauki jan biro ta gyara mini sunan sinadarin, ta ƙara waƙafi biyu. Inda na rubuta "wasu masana marasa tausayi" ta ce, "Ka sa sunana mana, ai ni kaɗai ce." Wai in zan zage ta a bainar jama'a in zage ta daidai.

Daga baya na ji ta a kicin tana jan hanci. Albasa, in ji ta. Miyar yau ba albasa.

Talata, 26 ga Maris

Ranar kwamiti. Ita ta fara, ta nuna ɓerayenta a majigi suna tangaɗi kamar Shugaba Ok in ya sha giyar soju. Ni na karanta nawa, har da tafi. Da na zauna a nan da shi ke nan. Sai Ok ya miƙe da dabararsa: ya zaro allura da zare, wai Maeng zai zura a gabanku ku ga hannun mai shekara talatin a wanki.

Na gwada. Na lashi zaren, na sake. Kafar allurar na gudu.

Daga teburin masana, ta cikin lasifika, kowa na ji: "Baban Sora, tabaraunka na aljihun hagu."

Ok ya dube ni, ya dube ta. "Kai! Mai ɓerayen ce?"

Na sa tabarau. Yanzu ina ganin kafar sarai, hannun ne ya ƙi. Ita ta sunkuyar da kai, ta ci nasara amma ko murmushi. Da ma ta yi, da na samu abin fushi.

Juma'a, 29 ga Maris

Ba wanda ya kira. An cire ni daga kwamitin yawon shan iska na bazara.

Alhamis, 18 ga Afrilu

An ba mu wa'adi mu canza inji. Nawa na kashe shi tun makon jiya, don yana ƙara ne, ba don komai ba.

Shekaranjiya Ok ya shigo shago, wai wucewa yake. Ya zagi gwamnati, ya zagi farashin maratayin kaya. Can ya ce, "Ƙanena, matarka... mutane ma tana dubawa, ko sai ɓeraye?" Ashe matarsa ke ɓalle masa maɓallin riga tun bara.

Yau ni da Ok muka hau jirgin ƙasa zuwa asibitin jami'arsu. Ya sa kwat, ya riƙo mata kwalin tuffa, duk hanya yana tambayata ko tana da riƙo. Na ce sosai.

Ni rakiya kawai na yi. Da nas ta leƙo ta kira "Maeng Chun-bae", na shiga ne don kada yarinya ta yi ta kira a banza.