Rigar Baba Mai Ruwan Toka

Mama,

Zan wuce aiki kafin ki dawo daga gidan Anti Bev.

Na kai wa ƙawarki Marlys rigunan Baba na gasar kamun kifi, waɗanda za ta yanka ta haɗa miki bargo. A waya ta ja mini kunne: "Wendell, wanke su tas. Ni tela ce, ba mai sayar da kifi ba." Sai na kwashe duka na zuba a inji, har da mai ruwan tokar da ke ƙarƙashin matashinki.

Marlys na ganinta ta ce, "Kai, yaron nan! Tun ranar jana'iza wannan rigar uwarka ke shinshina kafin ta yi barci."

Na dawo da ita, ba a yanka ba, tana kan gadonki. Yanzu Baba yana ƙamshin lemun tsami na sabulun wanki, abin da bai taɓa yi ba yana raye.

Ki yafe mini. Hularsa tana cikin a-kori-kurarsa inda ya bar ta, warinsa na nan daram. Kada ki sauke gilashin motar.

Wendell