Sunan da Tsohuwa Ta Ƙi Faɗa

Zuwa ga Kayitesi, nonon safiyata, mai idanun maraƙi, iskar tafkin Kivu a ƙirjina,

Mutane da yawa, har da ɗalibaina, suna zaton shaidar da ta ƙi faɗin suna ƙarya take ɓoyewa. Ni ma da ban zauna bayan gilashin kotun Arusha ranar nan ba, da me zan ba su amsa?

Kin tuna? Alƙalai uku daga nahiyoyi uku, da wata tsohuwa daga tsaunukanmu da ta ga an kashe uban mijinta. Lauyan wanda ake tuhuma ya nemi ta faɗi sunan mamacin. Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Uban gidanmu." Ya maimaita, ta maimaita. Ya yi murmushi ya ce matar da ba ta san sunan surukinta ba, me ta gani? Shaidarta ta fara zubewa kamar ruwa a kwando.

Sai na ji muryarki daga ɗakin tafintoci, ke da aikinki juya magana ne kawai, kina neman izinin ƙarin bayani, alhali kin san ana iya tsawata miki. Kika ce a ƙasarmu mace ba ta kiran sunan surukinta, yana raye ko yana kabari. Aka karanta wa tsohuwar sunan, ta ɗaga kai ta ce, "Shi ne." Wane namiji ne a Ruwanda ya kai ni alfahari a wannan rana? Ƙirjina ya cika kamar kogi a damina.

Yanzu kin rubuto cewa suna kiranki aiki a Turai. Ya cancanci su kira ki, gaurakata. Amma wa zai ci gasasshiyar ayaba da ni a garinmu Huye, yana yi mini tsiya cewa malamin tarihi bai iya hura gawayi ba? Tun tafiyarki shayin ma ya daina ɗanɗano.

Kuma har yau kina rubuto, "Ka gaida Sebahire," kina kiran sunan babana baki buɗe, ba kunya. Wannan gatan nake so in raba ki da shi. Babana ya riga ya ware saniyar sadakin da za a kai gidanku. Kin bayyana wa duniya al'adar nan. Zo ki gwada ta da bakinki. Zo ki rasa sunansa har abada.

Naki, muddin tsaunukanmu na tsaye,
Rutayisire