Kujerar Inna da Dalar Waya

Ƙofar Ɗan Agundi,
Birnin Kano.

Zuwa ga Yayana Nazeer,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Shamsiyya da yarana Mikail da Bahijja. Yaya Istanbul, yaya fama da 'yan kasuwarmu masu zuwa sari? Allah ya ƙara buɗi, ya tsare ku a ƙasar mutane. Mu nan jiki lafiya lau. Maigidana Malam Abdulmalik ya warware daga zazzaɓin da ya kwantar da shi, har ya koma aiki. Ƙanwarmu Sa'ida ta sauka lafiya, namiji, an mayar da sunan Baba, Allah ya jiƙansa. Katangar zauren gidanmu na Koki da ruwa ya ci bara ma an ɗaga ta, duk da maginin ya bar ta a ɗan karkace.

Na san za ka ce me ya hana ni kiranka har sai na ba Alhaji Ɗayyabu takarda ya kawo maka. Na ɗauki wayar ya fi a ƙirga ina ajiyewa, domin na san halina, na san naka. Ni zan ɗaga murya, kai kuma ka fara yi min bayani, a ƙare ba wanda ya ji wani. Takarda kuwa ba za ka katse ta ba. Maganar ita ce, kujerar Makka ta Inna ta tafi. An rufe karɓar kuɗin aikin Hajjin bana, sunanta ba ya ciki, kuma kuɗin da ta tara ba sa hannunmu. Baffa Usaini ya hana a faɗa maka, wai sai ya san yadda zai yi. Ni na gaji da jiran yadda zai yi.

Bari in fara ba ka gaskiyarka, kada ka ce ɓacin rai ya rufe min ido. Kai da ni mun tashi muna ganin Inna a gindin murhu tana matsar man gyaɗa, tana toya ƙuli, tana kiwon raguna a bayan ɗaki, duk da niyya ɗaya. Duk shekarar da ta ce saura kaɗan, sai naira ta faɗi, kujera ta yi gaba ta bar ta. Da ka zo hutu ka zaunar da mu a tsakar gida, ka ce a can ma kuɗinsu zubewa yake, kuma mutane sun koma ajiya a kiripto, irin wanda aka ɗaure darajarsa da dala, na yi maka dariya. Na ce an tura ka neman kuɗi ka dawo da wa'azi. To abin ya yi aiki, ban musa ba. Dalar waya, kamar yadda Inna ta raɗa mata, ta tsaya inda aka ajiye ta. A wannan tsakanin kwanon shinkafa ya ninka, ya sake ninkawa, albashina na koyarwa ya koma ba ya kai tsakiyar wata. Maƙwabciyarmu Dije da suka fara tari tare da Inna ta bar nata a banki, yanzu ko rabin kujera ba su kai ba. Na Inna kuwa bana sun isa, har da ɗan guzuri. Wannan ne ya fi ci min rai, Yaya. Da tun farko abin ƙarya ne, da na huta.

Inda muka saɓa da kai tun ranar, har yau a nan nake. Na ce ka sa ajiyar a wayata, ni ce nake shiga banki, ni ce nake fama da waɗannan abubuwa a makaranta. Ka ce ba tsari ba ne 'ya mace da ke gidan miji ta riƙe dukiyar uwa alhali ƙanin ubanmu yana raye, dangi za su yi magana. Inna ta goyi bayanka, don ita ko kuɗin rago ta sayar, Baffa take aika wa ya adana. Ka zauna da shi a rumfarsa ta Kurmi kwana da kwanaki kana nuna masa nan za a taɓa, nan za a danna, har ka dawo kana yabonsa wai ya fi samari saurin ganewa. Ka koya masa maɓallai, ba ka koya masa cewa wanda ke ɗaya gefen wayar ba maƙwabcin rumfa ba ne.

Ga yadda aka yi. Da lokacin biya ya matso, Baffa ya shiga manhajar da ajiyar ke ciki a wayarsa don ya sayar da dalar a ba shi naira, kamar yadda ka nuna masa. Mai saye ya fito. Kai ka fi ni sanin ƙa'idar: manhajar tana riƙe da dalar, mai saye ya tura naira banki, sai mai sayarwa ya ga kuɗi sun shigo sannan ya danna ya saki. Mutumin ya nemi lambar Baffa ya kira shi. Ya yi cikakkiyar sallama, ya kira shi Baba, ya tambayi iyali da kasuwa. Da ya ji kuɗin Hajjin tsohuwa ne sai ya hau addu'a, ya ce shi ma asalinsu 'yan Ƙofar Kabuga ne, har ya roƙi a sa shi a addu'a a Arfa. Can ya turo hoton rasit, ya ce ya biya, sabis ɗin banki ne ke wahalarwa, abin da kowa a garin nan ya san yana faruwa kullum. Baffa ya ce to a ɗan jira. Sai mutumin ya rantse da Allah ya tura, ya ce shi ma wani yake jira ya biya wa magani a asibiti, amma in Baba bai yarda da shi ba, ba komai, zai haƙura. Baffa ya danna.

Da na je na same shi washegari, na tambaye shi dalili, cikin ladabi iyakar yadda na iya. Amsarsa ce ta hana ni barci. Ya ce shi tun yana saurayi yake sayar da turare a Kurmi, bai taɓa riƙe kaya a hannu ba bayan ya ce ya sallama. Mutum ya ɗauki kaya da safe ya kawo kuɗi bayan la'asar, haka ya gada, haka kowa ke yi a layinsu. Ya ce Musulmi ya rantse masa da Allah, ya kira shi uba, shi kuma ya ce masa sai na gani? Ya ce kunya ce ta kama shi, ya ji kamar ya tsaya a gaban jama'a yana ƙaryata mutum. Na buɗe baki in ce Baffa ai ba ka san fuskarsa ba, sai na fasa, na yi masa sallama na tafi. Me zan ce wa dattijon da abin da ya sa ake girmama shi a kasuwa shi ne abin da aka kama shi da shi?

Daga nan na shiga yawo. Banki suka ce ba abin da ya shigo, rasit ɗin na bogi ne. Masu manhajar na rubuta musu da Turancin da nake taƙama da shi, suka amsa da ladabi cewa mai asusun da kansa ya tabbatar an biya shi, kuma mai sayen ya kwashe ya fita. Lambarsa a kashe. Wurin hukuma an rubuta bayanina, an ce in je za a neme ni. Ba inda ban sa ƙafa ba, da azumin nafila a bakina wata ranar, ina hawa adaidaita ina sauka, kuɗin motar ma ya isa a yi kuka.

Ina so ka ji ni da kyau a nan, don na san kana can kana gaya wa mutane wannan abu shi ne mafitar ƙasashe irin namu. Wataƙila haka ne. Wanda kuɗinsa ke narkewa a hannu dole ya nemi inda zai ajiye guminsa, kuma na ga amfaninsa da idona. Amma a Kurmi in an cuce ka akwai shugaban layi, akwai dillalin da ya haɗa ku, akwai wanda ya san gidan uban mutum. Ko kunyar haɗuwa a masallaci tana sa a dawo da kaya. Naka tsarin an gina shi ne don mutanen da ba su yarda da juna ba, ka ɗauko shi ka damƙa wa mutumin da duk rayuwarsa yarda ce jarinsa. Kullum kana cewa daɗin abin shi ne babu wani a tsakani. To ranar da muka nemi wani a tsakani, ba mu samu kowa ba. Ina jin haushinka, Yaya, ba zan ɓoye ba. Ina jin haushin Baffa, ina jin haushin nairar da ta kai mu ga wannan, kuma ba ni da wanda zan kama in girgiza.

Baffa da kansa ya je ya faɗa wa Inna, ina wurin. Ya tsaya daga bakin ƙofar ɗakinta, ya ƙi hawa tabarmar da aka shimfiɗa masa, ya faɗi komai bai rage ba. Ya ce ya riga ya yi magana da mai sayen rumfarsa, zai biya ta kafin a rufe. Inna ta saurare shi har ya gama. Sannan ta ce ba za ta je ɗakin Allah da abincin gidansa ba, in ya sayar da rumfar nan ba ita ba shi. Ta ce amana ta ba shi, kuma bai ci ba. Ya yi ta roƙo, ta kira ni ta ce in zuba masa fura. Haka ranar rufewa ta zo ta wuce muna kallo.

Na san abin da za ka fara cewa, za ka nema ka turo. Ka nema ɗin, Allah ya ba ka, amma ka san na bana ya wuce, kuma ba wanda ya san inda kujera za ta kai baɗi. Gwiwar Inna kuma ba kamar yadda ka bar ta ba ce. Yanzu a zaune take sallah, likita ma da ya ji za ta tafi bana cewa ya yi gara haka, kada a ƙara jinkiri. Abin da nake roƙonka shi ne ka kira ta, ka gaishe ta, ka yi mata hira irin ta da. Kada ka yi mata bayanin inda aka yi kuskure. Ka kira Baffa ma, kada ka bari ya ji a muryarka, don rabonsa da cin abincin kirki tun ranar.

Malam Abdulmalik yana gaishe ka ƙwarai. Sa'ida ta ce a faɗa wa Anti Shamsiyya tana jiran kayan jaririn da aka yi mata alkawari. Gwaggo Zubaida tana gaisuwa, ta ce ka turo hoton yara ta ga girmansu. Ka shafa min kan Mikail, ka ce wa Bahijja ina sane da ita. Dije ma ta ce in gaishe ka, ba ta san komai ba tukuna.

Saura abu ɗaya. Inna ba ta daina zuwa bitar alhazai ba. Ta ce ta fara karatu, ba za ta bari a tsakiya ba. Ranar Asabar ni na raka ta. A filin makarantar da ake bitar sun kafa akwatin katako sun lulluɓe da baƙin yadi, ana koya wa maniyyata ɗawafi. Ta shiga cikin matan da sandarta, ta zagaya har aka gama, bakinta yana motsi, ni ina gefe riƙe da takalmanta. A hanyar dawowa ta tambaye ni wai da gaske ne abin da ka taɓa faɗa, cewa a bulokcen ɗin nan, rajistar dalar waya, duk inda kuɗi suka shiga an rubuta, kowa yana iya gani, ba mai iya gogewa. Na ce gaskiya ne, wani malamin kwamfuta a makarantarmu ya nuna min, suna can a wani asusu marar suna, ana ganinsu amma ba mai iya dawo da su. Ta ce in nuna mata. Na buɗe na miƙa mata wayar. Ta kawo ta kusa da ido, ta daɗe tana kallon lambobin da ba ta iya karantawa, ta sa bakin mayafinta ta goge gilashin. Sannan ta miƙo min, ta ce to alhamdu lillahi, ashe dai ta tara sun isa.

Ita ta yafe, Yaya. Ni har yanzu ban iya ba.

Wassalam. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Mardiya