Takardar Mai Fito

Ipoh, 13 ga Yuli

Zuwa ga yayata Kak Zaiton,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Abang Rosli da yara. Yaya aikin asibiti, yaya kuma ƙafar nan taki? Mu nan lafiya lau. Mahaifiyarmu Mak tana gaishe ki, ta ce ki daina aiko mata da maganin da ba ta sha.

Na san za ki yi mamakin wasiƙa daga mai waya a aljihu. Maganar ba ta waya ba ce, kin san kunnen Mak, ta bango ma ji take yi. Kuma a kan wasanmu na Asabar ce, wanda kike kira wasan manyan banza. Ki yi dariyarki ki gama, sannan ki ci gaba da karatu.

Shekara goma sha shida ke nan muna hawa benen shagon ɗab'in abokinmu Wai Keong bayan la'asar. Ni ke jan labari, su kuma kowa da mutuminsa a ciki, da takarda guda mai ɗauke da sunan mutumin da ƙarfinsa da kayansa. Da fensir ake rubuta komai, don lambobin suna canzawa, a goge a sake. Mutumin ƙanenmu Hairul mai fito ne, sunansa Belang. Tun da Allah ya yi wa Hairul rasuwa shekara uku da suka wuce, ba wanda ya ɗora fensir a takardarsa. Muna ajiye ta gaban kujerarsa, ni kuma ko ta yaya sai na sako kogi a labarin, ɗayanmu ya jefa koren ɗan lidonsa, Belang ya ɗauki mutanensu a jirgi. In na dawo gida Mak tana bakin ƙofa, tambayarta ɗaya ce: "Hairul ya tsallakar da ku?" In ce ya tsallakar. Sai ta zuba mini abinci.

To, waɗanda suka ƙirƙiri wasan sun fitar da sabon bugun littafinsa, sun sauya dokoki, kuma babu mai fito a cikinsa sam. Ɗayan abokin wasanmu Thevan ya sayo littafin ya dire mana a tebur. Ya ce ya gaji da faɗa ɗaya a labarin ya ci awa biyu, idonsa ma ba ya ganin ƙananan rubutun tsohon. Wai Keong ya ɗaga littafin da yatsa biyu ya ce, "Wannan ai na 'yan makarantar raino ne. Ina fensir mai kalar da ake haɗawa da shi?" Thevan ya ce, "Kai dai tsoho, injin shagonka ma ya girmi ƙasar nan." Da farko dariya muka sha. Yau mako uku ke nan, dariyar ta ƙare, kowannensu ya ce ni ne mai jan labari, in yanke hukunci.

Kin san ni, ko launin labule ban iya zaɓa ba. In na bi Thevan, Belang ya fita daga labarin. In na bi Wai Keong, Thevan ya fita daga benen, kuma mutum biyu ba sa wasan nan. Ki ba ni shawara.

A gaishe da kowa.

Ƙanenki,
Suhaimi

Ipoh, 27 ga Yuli

Kak Zaiton,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya, kuma zazzaɓin ƙaramar ya sauka. Mak ta ji daɗin hoton, yana jikin firji.

Na ga amsarki. Kin ce mu bar mamaci ya huta, addu'a yake buƙata ba jirgi ba. Gaskiyarki ce, kuma addu'ar muna yi. Amma ke ba ki ga fuskar Mak ranar Asabar ba.

Jiya abin ya ɓaci. Thevan ya faɗi abin da na san ya daɗe a cikinsa. Ya ce shekara uku ba mu hau dutse ba, ba mu shiga hamada ba, kullum muna bakin kogi saboda kujerar da ba kowa a kai. Ya ce, "Suhaimi, wasa muke yi ko zaman makoki?" Ban ji haushinsa ba, shi ne fa ya ɗauki Hairul a bayansa zuwa mota ranar da ya faɗi. Wai Keong ya shanye kofinsa, sannan ya ce duk wanda ya hau masa bene da littafin nan, ya sauka da shi ta inda ya hau. Wainar kuih da matarsa ta aiko haka ta koma ba wanda ya taɓa.

Na dai yi wata dabara. A sabon littafin akwai matuƙin jirgin fatake, ya yi kusa da mai fito. Zan zauna in mayar da lambobin Belang zuwa sababbin dokoki a wata farar takarda, Thevan ya sami littafinsa, Wai Keong ya sami Belang. Na taho da takardar Hairul gida, tana cikin aljihun tebur. Ita kaɗai ce a duniya, don kin tuna camfinsa, wai duk takardar da aka yi wa fotokwafi ko aka ɗauka a hoto, mutuminta ba ya kai wata guda a labari. Shekara da shekaru takardar tana saman shagon da ke cike da injuna, ba wanda ya karya masa doka.

Ki taya ni da addu'a. Gaisuwa ga Abang Rosli.

Naki,
Suhaimi

Ipoh, 10 ga Agusta

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kowa lafiya. Ki yi haƙuri ban ɗaga wayarki ba, Mak tana kusa duk lokacin da kika kira.

Kak, na yi ɓarna.

Ranar Juma'a ta makon jiya da hantsi na zauna da littafin da farar takarda da ta Hairul. Littafin yana cewa lamba kaza ta koma kaza, ni kuma ina bi layi layi, hankalina duk yana kan lissafin. Shekara goma sha shida hannuna ya saba, in lamba ta canza sai ya ɗauki kilina ya goge ta a inda take. Sai da na hure ɓurɓushin na ga farar takardar tana nan fara fat, rubutuna kuma yana kan takardar Hairul, ƙarƙashin sunan Belang. Fiye da rabi na goge. Abin da ya rage na hannunsa shi ne sunan, sai jerin kaya a ƙasa: igiya ɗaya, fitila, busasshen kifin Thevan, kada ya sani.

Na je masallaci, amma ban san me liman ya ce ba.

Washegari na kai musu ita, na ajiye a tebur, na faɗi abin da na yi. Wai Keong ya sauka ya ɗauko gilashin da yake duba haruffa da shi, ya karkata takardar a hasken taga ko sawun fensir zai fito. Ya fito, amma na shekara goma sha uku ne a kan juna, wurin har ya kusa hujewa. Thevan ya ce ba komai, shi ya haddace, ƙarfin Belang goma sha biyar ne. Wai Keong ya ce sha huɗu ne. Thevan ya ce an ƙara masa bayan ya kashe kada. Wai Keong ya ce a tsohuwar doka kashe kada ba ya ƙara komai, "amma ina za ka sani, kai da ka juya mata baya." Suka juyo gare ni. Ni da na goge ta da hannuna, wallahi ban tuna ba.

Thevan ya karanta layin kifin nan, ya cire tabarau, ya fuskanci bango. Ba wanda ya zarge ni, kuma da sun zage ni da na fi samun sauƙi. Ba a jefa ɗan lido ba ranar. Da muna sauka Wai Keong ya ce Asabar mai zuwa yana da aikin katin biki. Thevan ya ce shi ma surukansa za su zo. Ba wanda ya ambaci ta gaba. Ranar Allah ya taimake ni, maƙwabciya ta kai Mak duba mara lafiya, ban tarar da ita a ƙofa ba.

Jiya na saka riga bayan la'asar na ɗauki jakata kamar kullum, don Mak tana kallo. Ƙofar benen a kulle. Na zauna a shagon shayin da ke tsallaken titi, na buga wa Thevan bai ɗaga ba, na hango Wai Keong ta gilashi yana gyara injin da na san lafiyarsa ƙalau. Na yi magariba a masallacin kasuwa na taho gida.

Tana bakin ƙofa. Ta ce, "Hairul ya tsallakar da ku?" Na ce ya tsallakar. Ta yi murmushi ta ce, "Yaron nan ba ya gajiya." Ta zuba mini shinkafa, ta ƙara mini ƙwai, ta zauna tana kallona sai da na cinye.

Ban taɓa yi mata ƙarya a kan wannan ba sai jiya. Na roƙi Wai Keong, na roƙi Thevan, kowa ya ce ba da ni yake ba, kuma ba wanda zai fara hawa benen. Ba ni da wata dabara kuma, wadda na yi kin ga inda ta kai mu. Ke ce babba, Kak. Asabar saura kwana shida, ki gaya mini abin da zan ce mata.

Allah ya jiƙan Hairul, ya bar mana Mak. A shafa mini kan yara.

Ƙanenki,
Suhaimi